Filin Shawara: Kilash ba bindigar ɓauna ba ce

 Goggo, ni matashi ne daga wani ƙauyen Hausawa a gefen kogin Dinder, jihar Sinnar. Kakana maharbi ne, ya harbi ɓauna da gwanki a zamaninsa. Bana gadu da birai sun yi min ɓarna mai yawa a gonar dawa. Wani abokina ya kawo min kilash da araha, ya ce babu dabbar da ba ta kayarwa. Ina so in tsare gonata, kuma gaskiya ina sha'awar in gaji kakana. Wace bindiga ce ta dace da babbar dabba?

 Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri.

Abokinka bai san ɓauna ba. Ƙwayar harsashin kilash giram 8 ce ko kusa da haka, kuma don yaƙi aka ƙera ta. Maharban da ke bin ɓauna da lasisi suna ɗaukar irin .375 da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, mai ƙwayar da ta kai giram 19, wadda ke ratsa fata mai kauri da ƙashin kafaɗa ta isa zuciya. Ƙasashen Afirka da dama ba sa yarda a tunkari dabba mai haɗari da abin da ya gaza ta. Gwanki kuwa .30-06 ko .308 ta ishe shi. Ɓaunar da aka ji wa rauni ba ta mutu ba takan shige cikin dogayen ciyayi ta jira mai bin sawunta. In ba ta same ka ba, ta sami makiyayi ko mace mai neman itace.

To amma ina za ka harbe ta? Ɓaunayen yankinku suna cikin gandun Dinder, wanda aka killace tun 1935, kuma farauta a ciki laifi ne da 'yan sandan namun daji ke kama mutum a kai. Raƙumin dawan da mutanen zamanin kakanka suka gani a can ya ƙare.

Abin da ya fi damuna shi ne kai kanka. Ba mu manta da 2022 ba, yadda aka zubar da jini a Rusairis da Wad al-Mahi, dubban mutanenmu suka bar gidajensu. Sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Sinja da garin Dinder a 2024. A irin wannan hali, duk wanda ya tsare saurayi Bahaushe da kilash ba zai tambaye shi labarin gadu ba. Kuma bindigar araha ba ka san jinin da ke kanta ba.

Ka mayar wa abokinka da abarsa yau, kada ta kwana a ɗakinka. Gona kuwa, ku haɗu da maƙwabtanka ku kafa rumfar gadi mai tsawo, ku yi karɓa-karɓa, tunda birai da rana suke shiga kuma suna tsoron karnuka. Ku ja shingen ƙaya ta gefen da gadu ke bi, sannan ku je wurin shehun ƙauye ya raka ku ofishin namun daji ku rubuta ɓarnar da aka yi muku.