Idan Masu Bin Bashi Suka Matsa Maka

'Ya'yana, bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka kada wani ya sunkuyar da kai. Abin da ke damuna shi ne yadda ake binsa a wannan zamani. Yaro ya sauke manhajar bada rance a wayarsa, ya ci dubu ashirin na mako biyu, ranar biya ta wuce, sai kira tun asuba. Kafin la'asar saƙo ya isa ga kawunsa da surukinsa, har da limamin unguwa, wai wane ɓarawo ne, ana nemansa. Na ga samari masu hankali sun rame a tsaye saboda wannan tozarci.

Ɗana, duk zafin da ka ji, kada ka ci bashin wata manhajar don toshe bakin ta farko. Ruwa ne zai hau kan ruwa, har ka rasa wa za ka fara biya. Gara ka riga su zuwa gida. Samu mahaifinka ko yayanka, ka faɗa masa da bakinka nawa ka ci, nawa ake binka. Zai yi faɗa, ka haƙura ka saurara. Da kunyarka suke tsoratar da kai, kuma abin da ka riga ka faɗa ba shi tonuwa.

Ka kuma san cewa hukuma ba ta tare da masu zagi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda bashi kaɗai, maganar kotu ce. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin nan a Legas, ta kuma tilasta musu yin rajista. A 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mutane. Kada ka goge saƙon barazana ko ɗaya, ka adana su, da su za ka kai ƙorafi.

Sai dai ban ce ka danne kuɗin mutane ba. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, amma haƙƙin yana nan a wuyanka, kuma Manzon Allah (SAW) ya kira jan ƙafar mai hali zalunci. Don haka kada ka kashe waya ka ɓuya. Ɗauki kiran, yi magana cikin ladabi ko da sun ɗaga murya, ka faɗi abin da za ka iya bayarwa duk wata, ka nemi a rubuta. Ka biya ta asusun kamfani, ba na ma'aikacin da ya kira ka ba, ka ajiye rasit. In albashinka sai ƙarshen wata, kada tsoro ya sa ka ce musu Juma'a.