Zuwa Ga Ɗan Ƙanwata, Wanda Abokai Ke Tambaya Me Za Su Kalla



 Ranar Asabar mahaifiyarka ta zo gidana, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba ta fara maganarka. Ta ce Asuba ta fara kuɓuce maka, sai rana ta fito ake buga maka ƙofa. Ta ce yanzu a unguwa duk mai neman fim ko gem wurinka yake zuwa, kai kuma ka jero masa sunaye goma a numfashi ɗaya, ka tura masa a waya. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne ƙaninka Auta. Ta same shi da wayarta yana tuƙa mota a cikin gem, yana bi ta kan mutane yana ƙyalƙyala dariya. Da ta tambaye shi wa ya sa masa, sai ya ce Yaya ne. Shekarun yaron nan 11.

Na ce ta bar ni da kai. Na zaɓi in rubuto a fili ne don abokan naka su ma su karanta, kuma nasiha huɗu na shirya maka. Amma kafin nan ina so ka san wanda yake maka magana ba baƙon kallo ba ne.

Kakanka ya haramta mana silima. Dalilinsa gobarar silimar El Duniya ce ta 1951 a nan Kano, wadda ta ci mutum fiye da 300, kuma har ya koma ga Allah yana kallon gidan silima a matsayin wurin da ɗan mutunci ba ya zuwa. Majigi kaɗai ya yarje mana, irin wanda ake kafawa a fili a nuna Baban Larai da noman audugarsa. Da na tasa na fara samun 'yan kuɗina, sai na zama ɗan Plaza ta Fagge da Orion ta Ƙofar Wambai. Babu rufi, taurari na bisa kanka, sai duhu ya yi ake farawa. Babu fassara kuma. Indiyanci muke ji tsurarsa, amma a kowane layi akwai wanda ya kalli fim ɗin sau biyar yana raɗa wa na kusa da shi abin da akta ya ce wa bos. Mun raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, daga baya na bayanmu suka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Sholay ya fito a Indiya a 1975, da ya iso mana kuwa ban san adadin kallon da na yi masa ba. Har yau idan na rufe ido ina ganin Gabbar Singh yana takawa a kan duwatsun nan yana jan ɗamarar harsashi a ƙasa, ina ganin kwabon Jai da sai bayan mutuwarsa Veeru ya gane fuskokinsa biyu iri ɗaya ne. Duk gidan ya yi tsit a wurin nan, ƙarti majiya ƙarfi suna share ido da hannun riga.

Saboda haka ni ma na zama abin da ka zama yau. Ni ake tambaya. Idan na ce fim ya yi, a cika gida, idan na yamutsa fuska a fasa zuwa. Akwai daɗi a cikin wannan matsayi, na sani, kuma daɗin ne ya kai ni ga abin da zan gaya maka, wanda ko mahaifiyarka ba ta taɓa ji daga bakina ba.

Lokacin da bidiyo ya shigo gidaje, wani amini nawa ya yi aure ya sayi nasa. Sallah ta zo, mahaifiyarsa ta taho daga ƙauye, ƙannen amaryarsa ma suka zo yawon Sallah. Ya same ni a shago ya ce in zaɓa masa kaset ɗin da za su kalla gaba ɗaya, tunda ni ne masani. A hannuna akwai wani fim na Amurka da na karɓo haya. Rabin awa na kalla aka ɗauke wuta, ban ƙarasa ba. Abin da na gani faɗa ne da tseren mota, ya burge ni. Na miƙa masa, na ce wannan ba shi da matsala. Ya sake tambayata, ka tabbata? Na ce na tabbata. Ina jin nauyin in ce ban gama ba, kada sunana na masani ya ragu.

Can tsakiyar fim ɗin sai ga tsiraici ƙuru-ƙuru, a gaban tsohuwa, a gaban surukai, a gaban yara. Akwatin nasa ba shi da abin kashewa daga nesa, kafin ya tsallake mutane ya kai hannu, abin da zai faru ya faru. Mahaifiyarsa ta miƙe ta shige ɗaki. Ba ta ci abincin dare ba, washegari da sassafe ta ce a kai ta tasha, alhali mako guda ta zo yi. Da ya dawo mini da kaset ɗin bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ajiyewa ya yi a kan teburi ya ce, ashe ba ka kalla ba. Mun ci gaba da gaisawa shekara da shekaru, ana suna ina zuwa, ana biki yana zuwa, amma bai sake neman shawarata a kan komai ba, ko a kan taki ko a kan makarantar yara. Kuma duk lokacin da na haɗu da tsohuwar nan, gaisuwata a taƙaice take amsawa. Ita ta rasu, shi ma yanzu ya rasu. Kullum ina cewa zan zauna da shi in nemi gafara yadda ya kamata, ban yi ba. Ina yi musu addu'a bayan kowace salla, amma abin yana nan a ƙirjina.

To kai da kake tura wa mutane fim goma a dare ɗaya, nawa ka kalla har ƙarshe? Na ji yadda kuke yi. Ka ga guntun minti ɗaya a TikTok, ko ka ji wani ya ce ya haɗu, shi ke nan ka ɗauka ka yaɗa. Wanda ka tura wa ba ka san da wa zai zauna ya kalla ba. Ba ka san ko ƙanwarsa na gefensa ba. Idan ka ce wa mutum kalli wannan, awa biyu ko uku na rayuwarsa ka karɓa, idonsa da zuciyarsa ka ranta, ya ba ka ne don ya yarda da kai. Malamanka na Islamiyya sun karantar da kai matsayin wanda ya nuna hanya, ta alheri ko ta akasinsa, ba sai na maimaita ba.

Batun Auta kuwa, wallahi raina ya ɓaci. Gem ɗin da ka sa masa, GTA, ba a ɓoye shekarunsa ba, an rubuta 18 ɓaro-ɓaro. Mutanen da suka ƙera shi, waɗanda ba su san kunya irin tamu ba, su da kansu sun yarda ba na yara ba ne. Kai ɗan Musulmi, yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, ka ɗauka ka sa masa don ya daina damunka. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ɗana. Satar mota ce, harbin 'yan sanda ne, gidajen banza ne a ciki, ka fi ni sani. Ka je ka goge shi da hannunka, ka zaunar da yaron ka gaya masa kuskure ka yi. Kada ka bar wa mahaifiyarka wannan aiki, ita da take fama da ku tun rasuwar mahaifinku.

Ban ce ka daina ba da shawara ba. Ai mai son abu ba ya iya yin shiru a kansa, kuma babu abin da ya fi ka ga abokinka ya dawo idonsa na ƙyalli yana cewa fim ɗin nan ya taɓa ni. Sai dai ka ba shi guda ɗaya, wanda ka gama, ka gaya masa dalili. Bari in gwada maka.

Ka nemi fim ɗin Umar Mukhtar, wanda Turawa ke kira Lion of the Desert. Moustapha Akkad ne ya shirya shi, mutumin Halab ta Siriya, shi ne kuma ya yi Ar-Risala a 1976. Anthony Quinn ya fito a matsayin tsohon malamin allo ɗan Sanusiyya da ya shafe shekara 20 yana yaƙar sojojin Italiya a Libiya, har suka kama shi suka rataye shi a 1931 yana da shekara fiye da 70. Dalilina na ba ka shi ba harbe-harben ba ne, ko da yake akwai su. Ka lura da wurin da matasansa suka so kashe sojan da suka kama ya hana su. Ka lura da tabaransa, da ƙaramin yaron da ya tsince shi a ƙarshe. Italiya ta hana nuna fim ɗin nan shekaru da yawa, sai a 2009 aka sa shi a talabijin a can. Za ka iya kallonsa da mahaifiyarka a zaune, amma akwai wuraren rataya da kisa, saboda haka Auta ya ƙara shekara biyu tukuna. Ka ga yadda ake yi? Ka faɗi daɗin, ka faɗi inda ƙaya take.

Ga kuma Mother India na 1957. Ku yaran yanzu za ku ce ya tsufa, ya yi tsawo. Bashin rupi 500 ne aka ci don biki, mai ba da rance ya mayar da shi kashi uku cikin huɗu na amfanin gona duk shekara, miji ya rasa hannayensa ya bar gida, matarsa, wadda Nargis ta fito a matsayinta, ta ja garma da wuyanta ta raini 'ya'ya. Duk wanda ya taɓa ganin manomi ya ci bashi da damina ya biya da buhu biyu a kaka, ya san labarin nan ba na Indiya kaɗai ba ne. Na kalle shi da ƙuruciya na ga waƙa da rawa, na sake kallonsa bayan rasuwar mahaifinku, ƙanwata kawai nake gani. A namu na gida, ka tambayi abokanka ko akwai wanda ya san Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwa tana ratsa Sahara tana neman ɗanta da aka sace. Sun san sunan kowane ɗan wasan Koriya, amma Turmin Danya na 1990, da shi aka buɗe ƙofar finafinan Hausa na bidiyo, ko sunansa ba su ji ba. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai.

Gem ban girma da shi ba, iyakacina macijin nan na wayar Nokia. Amma da maganarka ta taso na zauna da ɗana babba ya nuna mini, kuma na ga abin da ban zata ba. A cikin Age of Empires II akwai kashin da aka ƙara a 2015 inda kake bin Sundiata yana kafa daular Mali, kana noma, kana haƙar zinariya, kana lissafin abin da za ka ciyar da runduna kafin ka fita yaƙi. A Civilization VII da ya fito a 2025, Sarauniya Amina ta Zazzau tana cikin shugabannin da mutum zai zaɓa. Na daɗe ina kallon allon nan. Yaro a Japan ko Brazil yana zaɓar Amina, ɗan Kano kuma mai raba wa unguwa gem bai taɓa ambatonta ga kowa ba. Ƙwallon da kuke bugawa, PES ko FIFA, ban ga aibinta ba in an tashi lokacin salla. Inda na tsaya shi ne wanda aka ci ya biya, sannan a ɗora ɗari biyar a kai, sannan dubu. Sunan wannan caca, ko a gidan gem aka yi ko a ɗakinka. Haka lu'ulu'un Free Fire da akwatunan PUBG da kake sa kuɗi ba ka san abin da zai fito ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin akwatunan nan a wasu wasanni a 2018 ta ce caca ne. Mahaifiyarka ta ce Auta ya fara roƙonta kuɗin kati don ya sayi lu'ulu'u. A wurin wa ya gani?

Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka. Alamarta mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba ko yana ganin ɓarnar. Ban ce ka kai can ba. Amma saurayin da a da shi yake tada ƙannensa, yau sai an buga masa ƙofa bayan rana ta fito, ya kamata ya tsaya ya dubi kansa. Mahaifinka a sahun farko ya rayu, mutanen masallacin nan suna kallonka suna tuna shi.

Na ce nasiha huɗu, ga takarda ta cika ban gama su ba. Sauran sai mun haɗu. Ka zo ranar Juma'a bayan La'asar, ka taho da Auta. Umar Mukhtar yana nan a ajiye, ni da kai za mu kalla bayan Isha idan yaron ya yi barci. Kafin nan ina so ka zaɓo mini fim ɗaya cikin naku na yanzu, wanda ka kalla daga farko har ƙarshe, wanda za ka iya zama kusa da ni mu gama ba ka sunkuyar da kai ba. Zan kalla, ko na Koriya ne. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta tambaya ya samu.

Wassalam.

Kawunka.