Shanyewar jiki bayan cutar mashaƙo

Jama'ar Dogo-Dogo da kewaye, a shekarar 2023 cutar mashaƙo ta ɓarke a jihar Damagaram, musamman a yankin Matamaye, haka kuma a Kano. Cutar tana kama maƙogwaro, ta fi kama yara. Amma bayan maƙogwaro ya warke, akwai wata wahala da takan biyo baya.

Ƙwayar cutar tana zuba dafi cikin jini. Dafin nan yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Mako 2 ko 3 bayan kamuwa, sai muryar yaro ta koma ta hanci. In ya sha ruwa, ruwan ya fito masa ta hanci. Daga baya ƙafafu da hannuwa su yi sanyi, tafiya ta gagara.

Wannan ba aikin iska ba ne, ba kuma sammu ba. Jijiyoyin suna gyaruwa da kansu sannu a hankali. Yawancin masu ciwon suna miƙewa cikin makonni ko watanni, in an kula da su.

Ga abin da za a yi:

1. A kai shi gidan likita na Dogo-Dogo tun da wuri. In ya kama, za a tura shi asibitin Magarya ko babban asibitin Damagaram.

2. A zaunar da shi kafin a ba shi abinci. A ba shi kunu mai kauri kaɗan-kaɗan, domin kada ya ƙware.

3. In ba ya iya motsi, a riƙa juya shi bayan kowace awa 2, domin kada kwanciya ta yi masa gyambo.

4. Safe da yamma a lanƙwasa masa gwiwa, gwiwar hannu da yatsu, a miƙe su a hankali. Gaɓar da aka bari ba motsi ƙagewa take yi.

5. Da ƙarfi ya fara dawowa, a koya masa zama, sannan tsayuwa, sannan tafiya yana dafa sanda.

Kada a yi masa tsaga ko lalas. In numfashi ya yi wuya, ko haɗiya ta gagara, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Iyaye, allurar rigakafi kyauta ce. Ana yi wa jariri yana da mako 6, da 10, da 14. Rigakafi ya fi magani.