Darasi na 14: Baro

Idan kun je kasuwar Meiganga da safe, za ku ga masu baro suna ta kai da kawowa. Wannan ya ɗauko buhun masara, wancan garin rogo, wani kuma jarkokin ruwa. Magina ma da shi suke ɗibar yashi da siminti.

Baro yana da taya ɗaya a gaba, da kwano, da hannu biyu, da ƙafa biyu da yake tsayawa a kansu. Ɗan'uwansa mai taya biyu shi ne amalanke. Amalanke ya fi cin kaya, kuma ba ya saurin kifewa. Amma baro ya fi shi shiga lungu da siririyar hanyar gona.

Ina asalinsa? A ƙasar Sin an sami zanen wani mutum yana tura baro, a bangon wani kabari na shekara ta 118. Daga baya mutanen Sin suka ƙera wani iri mai babbar ƙafar katako a tsakiya. Ana ɗora kaya dama da hagu, ƙafar ta ɗauki kusan dukan nauyin. Har mutane ake ɗauka a kansa. A Turai kuwa, sai wajen shekara ta 1200 aka fara aiki da baro, kuma ƙafarsa a gaba take. Irinsa ne muke turawa yau.

To, a baronmu taya da mai turi ne suke raba nauyi. Ga misali. A ce daga taya zuwa hannu santimita 150 ne, kayan kuma kilo 60. In an ajiye su santimita 50 daga taya, kilo 20 kaɗai mai turi zai ɗaga. In an ja su baya zuwa santimita 100, sai ya ɗaga kilo 40. Kun gani? Kaya ɗaya, amma wahala ta ninka.

Saboda haka, ku sa kaya masu nauyi kusa da taya. Ku daidaita su, kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. In za ku ɗaga, ku lanƙwasa gwiwa, ku miƙe baya. Wanda ya saba ɗagawa a sunkuye, ciwon baya yake saya. Da damina ku bi gangara a hankali, gama jar ƙasa tana da santsi. In an gama aiki, a wanke kwano a kife shi, don kada ya yi tsatsa.

Sababbin kalmomi
baro: la brouette
amalanke: le pousse-pousse
taya: la roue
nauyi: le poids

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin baro da amalanke?
2. A ina ƙafar baron mutanen Sin take?
3. Don me ake sa kaya kusa da taya?
4. In kayan nan kilo 90 ne, an ajiye su santimita 50 daga taya, kilo nawa mai turi zai ɗaga?