Jirgin Liberator da Sojojin Bama: Shawarwari ga Magidantan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura

Yaran yanzu a wayar yayyensu suke fara ganin Yaƙin Duniya na Biyu: manyan jirage jere a sama suna zubo bama-bamai, sai su ɗauka fim ɗin Turawa ne da bai shafe mu ba. Alhali ya shafe mu. Jiragen yaƙin sun bi ta Kano, kuma Lardin Kano, wanda garuruwanmu ke cikinsa a lokacin, ya ba da samarinsa da gyaɗarsa. Dattawan da suka ga yaƙin Hitila da idonsu sun kusa ƙarewa, saboda haka riƙon wannan tarihi ya dawo wuyan magidanta. Ga abubuwan da za a iya yi a gida ba tare da kashe kuɗi ba.

1. A fara da taswira

Ku aro taswirar Afirka a makarantar firamare, ko ku zana ta a ƙasa. Jiragen sama sun fara sauka a Kano a 1925. Daga 1940, da Italiya da Jamus suka sa ratsa Bahar Rum ya zama kasada, Ingila ta riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, El Fasher da Khartum har Alƙahira. Fiye da jirage 5,000 ne suka bi wannan hanya. Daga baya Amurkawa suka shigo da nasu, har da manya masu inji huɗu irin Liberator, suna tsallako teku daga Natal ta Brazil.

Yaran Babura su lura da wani abu. Har zuwa ƙarshen 1942 Nijar tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, ita kuwa Chadi gwamnanta Félix Éboué ya bi Janar de Gaulle tun Agustan 1940. Shi ya sa hanyar ta miƙe gabas ta Chadi. Iyakar da muke ƙetarawa cin kasuwa a yau, a wancan zamani iyaka ce tsakanin ɓangarori biyu da ba sa ga maciji.

2. A auna jirgin a fili

Hoto a waya ba ya nuna girma. Ku ɗauki igiya da tef ɗin magina ku je filin ƙwallo. Daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin na jirgin B-24 Liberator mita 33 da rabi ne, tsawonsa kuma kimanin mita 20. A kafa duwatsu, yara su tsaya a kowane gefe su ga nisan da ke tsakaninsu.

Kamfanin Consolidated na San Diego ne ya ƙera shi, ya fara tashi ranar 29 ga Disamba 1939. Yana da inji huɗu na Pratt & Whitney, kowanne da ƙarfin doki 1,200, da wutsiya mai faifai biyu, da ƙafa a ƙarƙashin hanci. Sirrinsa yana fiffikensa, dogo ne siriri da aka ɗora a saman gangar jiki, wanda ya ba shi damar cin dogon zango da kaya mai nauyi. A gajeren zango yana ɗaukar bama-bamai da suka haura tan uku da rabi. An ƙera fiye da 18,000, babu jirgin yaƙin Amurka da ya kai shi yawa, kuma a 1944 masana'antar Ford da ke Willow Run ta kai ga fitar da ɗaya a kusan kowace awa. Idan kun ga idon wani yaro ya tsaya a kan injin ba a kan bam ɗin ba, ku riƙe shi da kyau. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, ga kuma kwalejin koyon aikin jiragen sama a Zariya.

3. A faɗa musu su wane ne a ciki

Yawanci mutum goma ne: matuƙi da mataimakinsa, mai duba hanya, mai sakin bam, injiniya, mai rediyo, sauran kuma maharba ne a kan manyan bindigogi, ta sama, ta ƙasa, ta gefe da ta wutsiya. Galibinsu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Jirgin ba a rufe yake ruf kamar na alhazai ba. A can sama sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili, sai da abin shaƙar iska a fuska da riga mai ɗumin lantarki, kuma wanda ya cire safar hannu ya taɓa ƙarfe fatarsa na iya liƙewa. Mai son zuwa baya daga gaba sai ya taka wata siririyar gada a tsakiyar bama-bamai. Fim ba ya nuna wannan, ku ne za ku faɗa.

4. A ba su labarin jirgin da ya ɓata a Sahara

Wannan labari ya fi kowanne kusa da mu, domin mun san rairayi mun san ƙishi. Ranar 4 ga Afrilu 1943 wani Liberator mai suna Lady Be Good ya tashi daga Soluch kusa da Bengazi a Libya, da mutum tara, don kai hari Naples. Fitarsu ta farko ke nan. A dawowa cikin dare suka wuce sansaninsu ba su sani ba, suka yi ta nausawa kudu har mai ya ƙare, suka diro da laima. Ɗaya laimarsa ba ta buɗe sosai ba, ya mutu nan take. Takwas ɗin suka doshi arewa a ƙafa, suna zaton teku na kusa, alhali tana da nisan ɗaruruwan kilomita. Rabin gorar ruwa ce kawai a hannunsu, kowa cikin murfi ɗaya a yini. Haka suka yi ta tafiya har kusan kwana takwas.

Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango jirgin, kimanin kilomita 700 daga gaɓar teku, a 1960 kuma aka gano gawarwakin, ban da guda ɗaya. Abin da ya fi ciwo, jirgin ya sauka ne da cikinsa ba nisa sosai da inda suka diro, rediyonsa na aiki, akwai ruwa da abinci a ciki. Ku zauna da samarin gida masu sha'awar bin hanyar Agadas zuwa Libya ku ba su wannan labari dalla-dalla. Mutane ne horarru, masu ƙarfi, da kamfas a hannu, amma hamada ta cinye su.

5. Kada a ɓoye mutanen da ke ƙasa

Ranar 1 ga Agusta 1943 Liberator kusan 180 suka tashi daga Bengazi don ragargaza matatun mai na Ploesti a Romaniya. Fiye da 50 ba su dawo ba, sama da mutum 300 suka mutu, kuma cikin 'yan makonni matatun suka ci gaba da aiki. A Yulin 1943 hare-haren sama sun kashe kimanin mutum 40,000 a Hamburg, yawancinsu farar hula, a Dresden kuma kusan 25,000 a Fabrairun 1945. Yaron da aka nuna wa ƙirar jirgi kawai aka ɓoye masa wannan, an ba shi rabin gaskiya. Mu da muka ji abin da ya faru a Tudun Biri ta Jihar Kaduna a Disamba 2023, inda jirgi marar matuƙi na soja ya kashe aƙalla mutum 85 a wurin Mauludi, ba ma buƙatar a fassara mana wannan.

6. A nemo sojan gidanku

Ku tambayi tsofaffin mata, su suka fi riƙe sunaye: wane ne a danginmu ya je Bama? Sojojin Najeriya sun yi yaƙi a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama a 1944 da 1945, wasu bataliyoyi kuma suna cikin dakarun Chindit, waɗanda barikin Zariya ke ɗauke da sunansu. Daga sama ake jefo musu abinci da harsashi, galibi da jiragen Dakota, yayin da Liberator ke tasowa daga Indiya suna dukan gadoji da layin dogo na Japan. Idan sojan bai dawo ba, a sa ɗalibin gida ya duba sunansa a shafin intanet na hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, kyauta ne. A gwada rubutun sunan iri-iri, domin magatakardan soja sukan rubuta mutum da sunan garinsu, kamar a ce wane Kazaure. Ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji da Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna su ma wuraren tambaya ne.

7. A adana abin da ya rage

Minda, takardar sallama, hoto ko tsohuwar akwatin ƙarfe, a fito da su daga ƙarƙashin gado kafin gara da laimar damina su gama da su. A ɗauki hoton kowane shafi a raba wa dangi uku ko huɗu. Kada a goge minda da toka ko yashi, rubutunta zai shafe, kada kuma a liƙe takarda da salatif. A naɗi muryar duk dattijon da ya rage, a bar shi ya yi magana yadda yake so.

8. Ƙarfen da ba a san shi ba, a bar shi inda yake

Bam ba ya ruɓewa don ya tsufa. A 2017 sai da aka kwashe mutum kimanin 60,000 a Frankfurt kafin a kwance wani bam da aka jefa tun lokacin yaƙin. Ku ja kunnen yara masu kiwo da masu tsintar ƙarfe don sayar wa 'yan gwangwan: duk abin da ya yi kama da harsashi ko tulun ƙarfe mai wutsiya, kada a ɗaga, kada a buga, kada a sa a wuta, kada a kai wa maƙeri. A yi wa wurin alama daga nesa, a janye dabbobi, a sanar da mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya kira 'yan sanda su turo masu kwance bam.