Ƙwaro Mai Kama da Tsuntsu

A lambu, ko a tsakar gida inda aka shuka furanni, wani lokaci akan ga wani ɗan abu ya zo fir, ya tsaya cak a iska gaban fure, yana kaɗa fikafikai har ido ba ya ganinsu sosai. Kafin ƙiftawar ido ya koma kan wani furen. Wanda bai sani ba sai ya rantse ɗan tsuntsu ne. Alhali kuwa ƙwaro ne, dangin faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi.

Yawancin faɗa-wuta da dare suke fita, su yi ta kewaya fitila. Shi kuwa wannan da rana yake kiwo. Turawa sun sa masa sunan wani ɗan tsuntsu na nahiyar Amurka, wanda shi ma yakan tsaya a iska ya sha ruwan fure. Wannan tsuntsu babu shi a Afirka. A ƙasar Hausa sha-kauci ne ya yi kusa da shi, amma shi ya fi son sauka bisa reshe kafin ya sha.

Akwai alamu uku da ake gane ƙwaron nan da su. Ta fari, yana da ƙahoni biyu sirara a kansa. Ta biyu, ƙafafunsa 6 ne, fikafikansa 4. Ta uku, bakinsa dogo ne siriri kamar zare, da rami a ciki. Da shi yake zuƙo ruwan zaƙi daga ƙasan fure. In ya gama sai ya naɗe shi kamar gammo. Ba tsuntsun da ke iya naɗe bakinsa haka.

Ƙwaron nan iri-iri ne. Wani iri yana zaune a Arewacin Afirka da Kudancin Turai. Faɗinsa, in ya buɗe fikafikai, bai kai inci 2 ba, amma yakan kaɗa su wajen sau 70 a sakan guda. Duk da ƙanƙantarsa, yakan yi ƙaura har Ingila lokacin zafinsu.

Wani iri kuma yana nan Afirka, kudu da hamadar Sahara. Fikafikansa garau suke kamar gilashi, ana hango abu ta cikinsu. Macen takan yi ƙwai a ganyen gauɗe ko na kofi. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa mai ɗan ƙaho a gindi. In ta ƙoshi da ganye sai ta sauko ƙasa, ta kwanta cikin kwasfa, daga nan ta fito da fikafikai.

Yara da yawa kan kai masa duka, suna tsammani zai harbe su kamar zuma ko rina. Wannan kuskure ne, gama ba shi da ƙari, ba ya kuma cizo. Hasali ma amfani gare shi, don garin fure yakan manne masa, ya kai shi wani furen, da haka itace ke yin 'ya'ya. Yaron da ke son ganinsa sai ya zauna shiru kusa da furanni, kada ya yi motsi. Mai haƙuri zai ga har yadda yake warware bakinsa.

Tambayoyi
1. Waɗanne alamu ne ke nuna shi ba tsuntsu ba ne?
2. A ganyen me macen take yin ƙwai?
3. Don me bai kamata a kashe shi ba?