Mu Yi Gayyar Gyara a Unguwa

Kafin ku jefa fitila mai caji, fanka ko bokitin roba a bola, ku duba da kyau. Sau da yawa ɗan ƙaramin abu ne ya lalace: waya ta tsinke, batir ya mutu, ko mariƙi ya karye. A birnin Amsterdam na ƙasar Holan, Martine Postma ta fara taron gyara kyauta a 2009, kuma ya bazu ƙasashe da dama. Mu da muka gaji gayya, wannan ba baƙon abu ba ne.

Ku nemi izinin mai unguwa, ku tsayar da Asabar ɗaya a wata. Ku gayyato tela, baduku, mai gyaran rediyo da mai liƙin roba. Mai kaya ya sayi abin da za a canja, aikin hannu kuwa sadaka ne. Ku zaunar da yara kusa su riƙa miƙa sukudireba, da haka ake koyon sana'a.

Abin da ya ƙi gyaruwa a ware shi: ƙarfe ga 'yan gwangwan, tsummoki a cusa a matashin kai. Kada a ƙone tsofaffin batura da robobi, hayaƙinsu guba ne ga huhun yaranmu.